Saƙonnin gargaɗin netwok a U-Boot: a daidaita su ko a bar su yadda suke?

Sadiq_Kubwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawararku nake nema kan wani abu da muka kasa tsayar da magana a kansa a wurin aiki. Muna haɗa wasu ƙananan akwatuna masu sa ido kan na'urorin sola, kuma U-Boot ce manhajar da ke tayar da su. A ɗakin gwaji ta netwok muke ɗora musu kanel ɗin Linux, DHCP ta ba su adireshi sannan TFTP ta kawo fayil ɗin. Duk wanda ya zauna yana karanta abin da ke fitowa ta kebul ɗin siriyal zai ga cewa kowane gargaɗi da kamarsa. Ga kaɗan daga ciki:

*** Warning: no boot file name; using 'C0A8010A.img'
*** WARNING: Host Name is too long
## Warning: gatewayip needed but not set
Warning: eth0 MAC addresses don't match:

Duk gargaɗi ne, duk daga ɓangaren netwok, amma wani da taurari uku, wani da alamar # biyu, wani da manyan baƙaƙe, wani kuma haka nan babu komai a gabansa. A direban katin netwok da muka rubuta da kanmu abin ya ma fi haka: wanda ya fara aikin WARN yake sawa, wanda ya gaje shi kuma alamar motsin rai biyu. Na shirya faci, wato gyaran lambobin manhaja, da zai mai da su duka su fara da "Warning: " iri ɗaya. Ogana ya ce kwalliya ce kawai, kada in taɓa abin da ke aiki. Ni kuwa gani nake wannan ba kwalliya ba ce. Me kuke gani?

Bello_Nyanya:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, umarnin neman kalma a rubutu, grep -i warn, zai kamo maka duka huɗun. Ina tare da oganka.

Injiniya_Rabi:
Malam Bello, zai kamo huɗun nan, amma ba su kaɗai zai kamo ba. Idan ka ajiye duk abin da na'ura ta fitar daga kunnawa har Linux ya gama tashi, kalmar warn za ta fito a wurare da yawa da ba ruwansu da U-Boot. Sannan akwai waɗanda ba zai kamo ba ko kaɗan. "Retry count exceeded; starting again" ba ya ɗauke da wata alama a gabansa, alhali shi ne saƙon da ya fi damun mai ɗora kanel ta TFTP. Haka ma "ARP Retry count exceeded". Matsalar ba manya ko ƙananan baƙaƙe ba ce kawai. Ba a taɓa zama an yanke cewa wannan gargaɗi ne, wancan kuskure ne, wancan kuma labari ne kawai ba.

Amma Sadiq, kafin ka tura facin nan, tambaya ɗaya: me ke karanta waɗannan saƙonnin a wurinku ban da idon mutum?

Sadiq_Kubwa:
Akwai wani sikirif na Python da ke jiran "Bytes transferred" kafin ya ba da umarni na gaba. Ban da shi ban san wani ba, Anti Rabi.

Injiniya_Rabi:
To ka fara binciken wannan tukuna. Aikina ke nan a nan Abuja, gwajin na'urori ta atomatik, kuma abin da mutane ba sa lura da shi shi ne, manhajar tayarwa ba ta da wata hanyar magana da duniya sai wannan rubutun. Babu fayil ɗin da take ajiye rahoto, babu lambar da take mayar wa kwamfutar da ke gwada ta. Rubutun da ke bin kebul shi ne komai. Saboda haka duk wata manhajar gwaji haruffan take bi ɗaya bayan ɗaya.

Gwaje-gwajen U-Boot kanta, waɗanda ke cikin test/py, haka suke aiki: suna sa ido kan jimloli irin "## Error: " da "Unknown command", da sun gan su sai su yanke cewa abu ya lalace. LAVA ta Linaro, wadda ake gwada alluna masu yawa da ita, ita ma tana da jerin jimlolin U-Boot da take ɗauka a matsayin faɗuwa, ciki har da "Retry count exceeded". Idan wani ya tashi ya gyara jimlar, ya cire kalma ko ya sauya harafi, gwajin ba zai yi ihu ba. Shiru zai yi yana jira har lokacin da aka ɗiba masa ya ƙare, sannan ya ce na'ura ba ta amsa ba, kai kuma ka tafi kana zargin kebul ko sabar.

Na taɓa ganin haka a wani wurin da na yi aiki. Wani abokin aiki ya tsaftace saƙonni da kyakkyawar niyya, sikirif ɗin da ke kama allunan da ba a rubuta musu lambar MAC (lambar shaidar katin netwok) ba ya daina kama su, suka wuce gwaji lafiya lau. Sai bayan an kai wa mai saye aka gane. Ba cewa nake kada a daidaita ba, ni ma ina son a daidaita. Amma facin da ya sauya saƙo shi ya kamata ya sauya gwajin da ke karanta saƙon, a tare.

Kawu_Linux:
Rabi ta faɗi gaskiya. Bari in ƙara da dalilin da ya sa abin ya zama haka, don matasa kada su ɗauka sakaci ne. U-Boot ta samo asali ne daga PPCBoot ta Wolfgang Denk, aka sauya mata suna a 2002 bayan an haɗe ta da ARMBoot. Ka'idojin da ɓangaren netwok ke bi ma sun girme ta: BOOTP ta 1985 ce, TFTP da muke amfani da ita ta 1992, DHCP ta 1997. Fayilolin da ke cikin net/ hannaye daban-daban ne suka rubuta su cikin fiye da shekara 20, wasu ma daga wasu ayyukan aka ɗauko su. Mai taurari uku ya sa su ne don saƙo ya fita daban a allon da babu launi. Mai # biyu kuwa salon saƙonnin umarni ya bi, irin "## Booting kernel". Kowa da hujjarsa a zamaninsa.

Wani abu kuma da zan ja hankalinka a kai, Sadiq. Duba gargaɗin lambar MAC da kyau a cikin lambobin manhajar, za ka ga da \n yake farawa. Ba kuskure ba ne. U-Boot tana rubuta "Net:" ba tare da ta sauka layi ba, tana jiran sunan katin. Idan gargaɗi ya faɗo a wannan lokacin ba tare da \n ba, sai ya manne a jikin "Net:". Wanda ya zo daidaitawa da sed, umarnin sauya rubutu a lokaci ɗaya, ya share duk \n na farko zai ɓata wannan, kuma duk sikirif ɗin da ke neman Warning a farkon layi ba zai sake ganinsa ba.

Sadiq_Kubwa:
Allah ya saka da alheri Kawu. Zan koma in duba kowanne da hannu.

MaiGyara_Wuse2:
Ni ba injiniya ba ne, gyara nake a wajen Banex, rauta da dikoda da irinsu. Amma wannan maganar ta shafe ni kai tsaye. Idan aka kawo rautar da ta mutu, fitila ɗaya kawai ke kamawa, buɗe ta nake in nemo TX da RX da GND, in jona CH340 mai haɗa siriyal da USB, in buɗe manhajar PuTTY a gudun 115200. Rubutu na gudu kamar ruwa. Yaran da ke koyon aiki a wurina yawancinsu ba karanta Turancin suke ba, siffar suke kallo. Na koya musu cewa duk inda suka ga taurari uku su tsaya su kira ni. To ga shi yanzu kuna cewa akwai gargaɗin da ba shi da taurari. Shi ya sa yaro zai ce mini oga babu matsala, alhali "Warning" na nan a tsakiyar rubutu bai gani ba.

Ni dai in za a tambaye ni, a bar taurarin, a ƙara wa waɗanda ba su da su. Kada a cire.

Hauwa_Lugbe:
Wannan batu na Mai Gyara shi ne wanda masu rubuta manhaja ke mantawa. Mu muna da grep, shi ido yake da shi.

Bello_Nyanya:
Amma ai facin Sadiq ba zai taɓa isa rautar da ke teburin Mai Gyara ba. Waɗannan na'urorin tsohuwar U-Boot ce a cikinsu wadda kamfani ya yi wa kwaskwarima ya rufe, wasu ma 1.1.4 za ka gani a kai. Ko yau aka daidaita komai a asalin manhajar, shi zai ci gaba da ganin tsohon salo har na'urorin su ƙare.

MaiGyara_Wuse2:
Haka ne Malam Bello, 1.1.4 ɗin nan ina ganinta sosai. Tunda an zo wurin, ina da tambaya. Wasu rautocin idan na ba su tftpboot ban sa suna ba, sai su nemi fayil mai suna 0101A8C0.img. Na saba dai ina sauya wa fayil ɗina suna zuwa haka, ya yi aiki. Daga ina sunan yake fitowa?

Kawu_Linux:
Adireshin IP ɗin rautar ne aka rubuta da lissafin heksa. C0 shi ne 192, A8 shi ne 168, sai 01 da 01. Wato 192.168.1.1, amma daga baya zuwa gaba, saboda yadda irin wannan furosesa ke jera lambobi a ƙwaƙwalwarta. A allon Sadiq kuwa a daidai ya fito, C0A8010A, wato 192.168.1.10. Saƙon farko da ya kawo a sama shi ne ke sanar da kai haka: ba ka ba ni suna ba, ga wanda na ƙirƙira. Ba sai ka sauya wa fayil suna ba, ka yi setenv bootfile da sunan da kake so, ko ka rubuta sunan a ƙarshen umarnin.

MaiGyara_Wuse2:
Ikon Allah. Na gode Kawu, Allah ya ƙara basira.

Nanret_Jos:
Sannunku. Daga Jos nake bin zancen. Ina kula da kwamfutoci a wata cibiyar jarrabawa ta kwamfuta, kuma ta netwok muke tayar da su, sai dai mu PXE ne, tsarin tayar da kwamfuta ta netwok, ba U-Boot ba. Ina ganin akwai darasi a nan. Saƙonnin PXE, tun ka'idar da Intel ta fitar a 1999, kowanne da lambarsa. PXE-E61 na nufin ba a ga alamar kebul ba. PXE-E51 na nufin babu amsa daga DHCP. PXE-E53 an samu adireshi amma ba a samu sunan fayil ba. PXE-E32 kuma TFTP ce ba ta amsa ba. E kuskure ne, M kuma labari ne kawai, kamar PXE-M0F da ke cewa ya fita.

Amfanin wannan a aikace ba kaɗan ba ne. Ranar jarrabawa, ɗalibai na layi a waje cikin sanyin safiya, mai sa ido a ɗaki zai kira ni ya ce "kwamfuta ta 40 tana cewa E61". Ba sai ya karanta mini jimla ba. Na riga na san kebul zan ɗauka, ba sabar zan duba ba. In kuma ɗaki duka E51 yake cewa, to na san suwic ne bai gama tashi ba bayan an koma janareta, ko sabar ce. iPXE, wata manhajar PXE ta kyauta, ma ta wuce nan: kowane kuskure tana ba shi lamba mai harafi takwas ta haɗa da adireshin shafinta, kamar ipxe.org/040ee119, ka buɗe ka ga bayaninsa da wurin da ya fito a cikin manhajar.

Shawarata ga Sadiq, tunda za ka taɓa saƙonnin direbanku, ka ba kowanne gajeriyar lamba. Mai saka sola a ƙauye zai iya karanto maka lamba ta waya ko da layin ba shi da kyau. Jimlar Turanci mai tsawo kuwa sai an yi ta maimaitawa.

Injiniya_Rabi:
Madalla Nanret. Lamba tana kuma warware matsalar da na kawo: sikirif ya riƙe lambar, jimlar kuma a gyara ta duk lokacin da aka ga dama.

ɗanGwarinpa:
Ni ban yarda da lamba ba. Lamba tana buƙatar wanda zai riƙe jerinta. Yau ku uku ne a ofis, gobe ɗaya ya tafi, sabon da ya zo ya sake amfani da lambar da aka riga aka bayar, ko ya ƙara saƙo ya manta bai sa ba. Intel kamfani ne da ya rubuta ka'ida ya tsaya a kanta. iPXE kuma ba da hannu ake raba lambobinta ba, manhajar ce ke haɗa su daga fayil ɗin da kuskuren ya fito da irin kuskuren. In ba za ku gina irin wannan ba, bayan shekara biyu za ku dawo nan kuna tambayar yadda za a daidaita lambobi.

Abin da na fi mamaki, har yanzu ba wanda ya ambaci log_warning(). U-Boot tana da tsarin log nata, wanda Simon Glass ya shigar. Matakansa na farko, daga 0 zuwa 7, irin na syslog da na kanel ɗin Linux ne: 3 kuskure, 4 gargaɗi, 6 labari, 7 na masu bin diddigi. Maimakon kowa ya rubuta printf ya ƙirƙiro tasa alamar, sai ya kira log_warning() ko log_err(). Matsayin saƙon ya zama abin da manhajar ta sani, ba ado a jikin jimla ba. Daga nan siffar da zai fito da ita a wuri ɗaya ake saita ta, akwai ma umarnin log format da ke zaɓar ko a nuna mataki, ko sunan fayil, ko lambar layi. Wannan ita ce daidaitawa ta gaskiya. Bin jimloli ana sauya WARNING zuwa Warning aikin da za a sake yi ne.

Kawu_Linux:
ɗanGwarinpa, hanyar ke nan, amma ka faɗi rabinta. log_warning() ba ta rubuta kalmar Warning da kanta sai an saita siffar ta nuna mataki. In kuma ba a kunna CONFIG_LOG ba, printf take komawa, in an kunna kuma CONFIG_LOG_MAX_LEVEL ne zai yanke ko saƙon zai shiga manhajar ma ko a'a. Wato mutum zai iya mai da printf zuwa log_warning() ya cire alamar daga jimlar yana ganin ya gyara, a wani allon kuma saƙon ya fito tsirara babu abin da ke nuna gargaɗi ne, a wani ma ya ɓace gaba ɗaya saboda an rage matakin. Ka tuna da yaran Mai Gyara. Garin neman gira kada a rasa ido.

ɗanGwarinpa:
Na yarda da batun matakin. Amma Sadiq shi ke da defconfig, wato fayil ɗin saitin allonsa, shi zai saita. Ba alluna dubu yake kula da su ba.

Hauwa_Lugbe:
Tambayar mai koyo ce, ku yi haƙuri. Ƙara "Warning: " a gaban kowane saƙo ba zai ƙara girman manhajar ko jinkirta tashi ba? Na ji ana cewa wuri ya yi ƙaranci a matakin farko.

Malam_Tanko:
Tambaya ce mai kyau, Malama Hauwa. Lokaci ba matsala ba ne. A 115200, kusan harafi 11,520 ke wucewa a daƙiƙa ɗaya, harafi tara ba su kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Girma kuwa ya danganta da inda kike. SPL, wato ɗan ƙaramin matakin da ke tashi kafin a kunna babbar ƙwaƙwalwa, a cikin SRAM na furosesa yake zama, kuma a yawancin tsofaffin Allwinner bai wuce 32KB ba. A can kowane harafi ana lissafinsa, har printf ɗin ma akwai ƙaramarta ta musamman. Amma ɓangaren netwok galibi ba a SPL yake ba, sai a alluna kaɗan da ke tashi ta Ethernet tun daga farko, irin masu AM335x. A babbar U-Boot, saƙo 30 sau harafi tara bayit 270 ne. Wannan ba zai hana kowa barci ba.

Ni abin da ya fi damuna a facin Sadiq wani ne daban. Saƙonni huɗun da ya kawo ba nasa ba ne, na asalin U-Boot ne. In ya sauya su a kwafin kamfaninsu, duk ranar da za su koma sabon zubi sai facin ya yi karo da canje-canjen da aka yi a net/, kuma wani ne zai zauna yana warwarewa layi-layi. U-Boot tana fitar da sabon zubi sau huɗu a shekara, Janairu, Afrilu, Yuli da Oktoba. Ga kuma lwIP da aka shigar a matsayin wata hanyar netwok ta biyu, mai nata saƙonnin. Sannan akwai asarar da ba a gani: yau in injiniyanku ya kwafi "gatewayip needed but not set" ya nema a intanet, zai samu waɗanda suka gamu da shi shekaru da suka wuce. In kun sauya jimlar, ku kaɗai ne a duniya masu irinta.

Ina ganin oganka ba ƙin gyara yake ba, nauyin da zai ɗauka gobe yake hange. Raba facin gida biyu. Na direbanku ku gyara yau. Na net/ kuma, in kana ganin ya cancanta, ka tura wa masu kula da U-Boot su duba. In sun karɓa kowa ya amfana, kai kuma ba ka da abin da za ka riƙa ɗauka a kai.

Bello_Nyanya:
Wannan na yarda da shi. Abin da nake nufi ke nan tun farko, ban dai yi bayani ba.

Sadiq_Kubwa:
Malam Tanko, batun rabawa ya shige ni. Amma ina so in kare abu ɗaya, don kada a ɗauka kyan gani kawai nake nema. Saƙon "using random MAC address" a matsayin gargaɗi yake fitowa, na'ura ta ci gaba da tashi kamar ba komai. A teburin gwaji daidai ne. A na'urar da za a kai wa mai saye kuwa babbar matsala ce: duk kunnawa sabuwar lamba, DHCP ta ba ta sabon adireshi, duk wata ka'ida da aka ɗaura a kan lambar MAC ta rushe. Ina so a ce a ƙarshen layin haɗawa akwai doka ɗaya mai sauƙi: allon da ya fitar da ko da layi ɗaya mai farawa da Warning ba zai shiga kwali ba. Wannan dokar ba za ta yiwu ba in gargaɗi yana da fuska huɗu.

Injiniya_Rabi:
Dokar tana da kyau, amma za ta kama kowane sabon allo. Wanda ba a taɓa yi wa saveenv, wato adana saiti, ba dole ya ce "*** Warning - bad CRC, using default environment". Ga ma siffa ta biyar, da karan ɗori maimakon ɗigo biyu, ko da yake wannan daga env/ yake ba net/ ba. Sai dai ku yi gwajin a kunnawa ta biyu, bayan an rubuta lambar MAC an adana. Kuma ga lambar MAC ɗin kanta, kada ka dogara da gargaɗi kaɗai. Ka sa sikirif ya yi printenv ethaddr ya gwada da wadda ke kan takardar da aka manna wa allon. Ko ma ku kashe CONFIG_NET_RANDOM_ETHADDR a zubin da za a sayar, sai abin ya koma kuskure, katin ya ƙi tashi, ba mai iya wucewa bai gani ba.

Nanret_Jos:
Wannan na ƙarshen ya fi. Abin da bai kamata a wuce shi ba, bai kamata a kira shi gargaɗi ba.

ɗanGwarinpa:
In kun koma log, akwai direban da ke watsa saƙonnin ta UDP zuwa sabar syslog a tasha ta 514, kowanne ɗauke da matakinsa. Ba sai an bi haruffa ba.

Kawu_Linux:
Yana da amfani ga sauran saƙonni. Amma gargaɗin netwok lokacin da netwok ba ta da lafiya yake fitowa. Allon da bai samu adireshi ba, ko bai san ƙofar fita ba, siriyal ce kaɗai za ta ji kukansa. Shi ya sa a wannan ɓangaren siffar rubutun ta fi muhimmanci fiye da ko'ina.

Sadiq, in za ka tura wa masu U-Boot, abu biyu. Suna bin salon rubutun kanel ɗin Linux, kuma a can an hana karya jimlar da mai amfani zai gani gida biyu don layi ya yi tsawo, saboda wanda ya kwafe ta ya yi grep ba zai same ta ba. Ka bi facin da scripts/checkpatch.pl, sannan get_maintainer.pl ya nuna maka waɗanda za ka tura wa. Na biyu, a bayanin facin kada ka ce don ya yi kyau. Ka rubuta abin da ka gaya mana yanzu game da layin haɗawa, ka kuma nuna ka duba test/py ba abin da ya karye. Za su iya ƙi, kuma suna da hujja in sun ƙi, tunda ba su san adadin sikirif ɗin da ke karanta waɗannan jimlolin a masana'antun duniya ba.

Malam_Tanko:
Kuma kowane fayil da facinsa, don in an ƙi ɗaya sauran su wuce.

Sadiq_Kubwa:
Na gode ƙwarai. Zan fara da direbanmu, in kashe lambar MAC ta ƙirƙira a zubin sayarwa. Batun lamba ko log kuwa har yanzu zuciyata ta rabu, zan kai wa ogana duka biyun. Taurari ko babu taurari ma ban yanke ba, maganar Mai Gyara ta tsaya mini.

ɗanGwarinpa:
Log ɗin dai. In ka zaɓi lamba, aƙalla ka sa jerin a fayil ɗaya wanda manhajar ba za ta haɗu ba in an maimaita.

Nanret_Jos:
Ai ba kishiyoyi ba ne, ɗan'uwa. log_warning() na iya ɗaukar jimlar da ke da lamba a gabanta.

MaiGyara_Wuse2:
Ku yi haƙuri in sake karkatar da ku. Akwai wata rauta a gabana yanzu, na ba ta tftpboot, ta rubuta "Loading:" sai T T T T kawai take jerawa, babu # ko ɗaya. Babu Warning, babu Error. Wannan T ɗin me take faɗa?

Injiniya_Rabi:
Kowace T na nufin ta jira amsa ba ta samu ba, a sabbin zubi daƙiƙa 5 ke tsakaninsu in ba a sauya tftptimeout ba. Ga wani saƙon da ba ya cikin kowane aji, Sadiq, sai ka ƙara a jerinka. Mai Gyara, fara da ping daga rautar zuwa kwamfutarka. In ta ce "is alive", to kusan kullum katangar tsaron Windows ce ke tare tasha ta 69, ko Tftpd64, sabar TFTP ɗin da ke kwamfutarka, tana sauraro a katin Wi-Fi maimakon na kebul. In ping ɗin bai wuce ba, duba serverip da ipaddr ko a layi ɗaya suke, sannan ka gwada wani ramin LAN, wasu rautocin rami ɗaya kawai ke aiki a wannan matakin.

MaiGyara_Wuse2:
Ping ya wuce, Hajiya. Na kashe katangar, T ɗin dai na nan. Tftpd64 kuma 192.168.1.100 take nunawa a sama, serverip ɗin rautar kuwa 192.168.1.2. In sauya na kwamfutar ne ko na rautar?